Maɓallin Farko da Tunkiyar Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, kuma a gidanmu na Tambuwal wanda ya fara zuwa duniya ya shiga uku tun bai san kansa ba. Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. To Inna ta ɗauki wannan kunyar ta kai ta inda ko tsofaffin unguwa sai da suka ce ta cika. Ba sunan kaɗai ta bari ba, har maganar. Kakanninta masu shanu ne, abin da ta gada wurinsu ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya a hanya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, a sashen da ke bayan rumbuna, taku ashirin daga ɗakin Inna, can na girma ina hango ta.

Idan tana so in ci abinci, sai ta dire kwano a tsakar gida ta ce, "Ga tuwo nan, in da mai so," tana kallon sama. Ranar da na faɗo daga jakin maƙwabta na karye a hannu, ina ɗan shekara tara, ta zo ta wuce ta gabana da tulu a ka, ta shaida wa katanga cewa wasu mutane ba su da aiki sai hawan abin da ba nasu ba. Ƙanena mai bi mini kuwa ko tuntuɓe ya yi sai an ɗauke shi an goya, ana kiran sunansa har da kirari.

Na san al'ada ce, an gaya mini sau dubu ba ƙi ba ne. Sanin bai taɓa rage mini zafi ba. Na kai shekara arba'in, ga mata ga 'ya'ya, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ina aikin malamin dabbobi a Kebbe, amma abin da nake so a duniya bai wuce Inna ta faɗa mini magana ɗaya ba, ni da kaina, ko da zagi ne. Kakata ta rasu, Baba ya bi ta, Inna kuma ta fara dafa gwiwa in za ta tashi. Na shiga tsoron kada wata rana a ce in zo, in je in tarar an gama, ba ta taɓa ce mini komai ba. In na je gida ƙarshen wata sai in durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ita kuwa ta juya ga ƙanena, wanda ke koyarwa a firamare yana zaune da ita a gidan, ta ce, "Tambayi baƙon ko shina kwana." Shi kuma marar mutuncin sai ya juyo da gaske ya tambaye ni.

Shekarar da sabis ɗin waya ya fara leƙowa Kebbe na ƙulla dabarata. Wayar hannu dai an riga an gwada, ƙanena ya taɓa kawo mata. Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce, hannunta kullum cikin mai yake, wayar ba ta yi mako ba ta sulluɓe ta faɗa cikin tunkuza, aka tsamo ta tana ƙamshi ba ta magana.

A wani shago a Sakkwato na ga wadda ta dace. Wayar gida ce marar igiya, kashi biyu. Akwai uwar, wadda ake sa wa layi a ajiye a ɗaki a jona ta da wuta, akwai kuma 'yar, wadda ake ɗauka a yi ta yawo da ita cikin gida. Maɓallanta manya ne, ko da lalube mutum ya same su. Mai shagon ya nuna mini kowane maɓalli daga ɗaya zuwa tara ana iya ajiye masa mutum guda. Ba sai an iya karanta lamba ba, a danna kawai a riƙe, ita za ta nemo mutumin. Sannan ya ɗauko abin kunne, mai ɗan ƙarfe da ke zagaye ka da ɗan baki da ke tsayawa gefen leɓe. Ya ce a jona shi da 'yar, a soke ta a ƙugu, hannu biyu su ci gaba da aikinsu. Yana bayani ina lissafi a zuci. Inna ba za ta kira sunana ba, to ai danna maɓalli ba kiran suna ba ne. Na ga kaina mai wayo ƙwarai a ranar.

Da na kai ta gida muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Ni da littafin lambobi, ƙanena a tsakiya yana tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa ɗaya, matarsa da kwalbar jan farce tana ɗiga wa kowane maɓalli alama. Inna ta ɗaga abin kunnen ta jujjuya shi ta ce wannan ai linzami ne, sunan da ya bi shi ke nan har yau. Sannan ta shiga rabon maɓallai tamkar rabon gado. Na biyu yayanta na Dogon Daji. Na uku ƙanwarmu da ke aure a Sakkwato. Na huɗu ƙanena, wanda ƙofar ɗakinsa ke kallon tata. Daga nan sai mai kawo mata gyaɗa, mai injin niƙa, ungozoma, wata ƙawarta kurma da ban san me za su ce wa juna ba, sai mai gyaran rufi.

Na ce wa ƙanena, "Tambaye ta, na farkon fa?"

Ta ce masa, "A bar wanga wofi. Ya yi kusa da baki, hannu na iya taɓa shi bisa kuskure."

Na sunkuyar da kai na sa lambata a ciki. Ƙanena, da ba wanda ya tambaye shi, ya sanar da jama'a cewa baƙon ya shige maɓallin farko. Inna ta miƙe ta ce wutar murhu ta yi yawa, ta tafi ta rage ta. Ba ta dai ce a cire ba. Wannan na riƙe na koma Kebbe da shi.

A wajen aikinmu a lokacin wuri ɗaya sabis yake tsayawa, kan wani suri da ke bayan shingen da muke yi wa shanu allura. Kowace la'asar sai in hau surin in tsaya da waya a hannu kamar zakara a kan danga. Wata guda cur ina hawa ina sauka. A cikin watan nan Inna ta kira kowa. Kawu na Dogon Daji ya aiko a ce in zo in ɗauke abin da na kawo, ko alwala ba ya samun yi cikin natsuwa. Mai injin niƙa ya san lafiyar gwiwarta fiye da ni. Ƙawarta kurma kullum sai an kira ta. Ni kuwa abin da ke iso ni sai ta hannun ƙanena. Inna ta danna na huɗu, ta same shi a aji, ta ce ya gaya wa mutanen Kebbe an yi ruwa a Tambuwal. Shi kuma ya kira ni ya ce an yi ruwa. Na ce masa in ya sake kira na a kan ruwa zan zo in fasa wayar a kansa.

Wata Laraba, har na fara saukowa, wayar ta yi ƙara. Lambar gida. Na yi sallama, ba a amsa ba. Sai ƙarar muciya a cikin tukunya, da kukan tunkiya kusa-kusa. Inna tana da wata tsohuwar tunkiya 'yar uda, gabanta baƙi bayanta fari, mai mugun hali, a ɗaure a turke kusa da murhun suyarta. Can sai na ji muryar Inna tar a cikin kunnena, kusa fiye da yadda na taɓa jin ta.

"Ke uda, matsa can, kar ki sa min baki ga mai. Kin ji wai wasu na can Kebbe sun rame. An ce kullum suna bisa babur, ba su tsayawa su ci abincin kirki."

Ni da wautata sai na ɗaga murya na ce, "Inna, ni ne. Kin taɓa na farko bisa kuskure. Inna, kina ji na?"

Ƙit, aka kashe.

Kwana tara ban sake jin ta ba. Da na ba matata labari tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai karatun bisashe kaɗai ka yi. Maɓallin da sai an danna an riƙe, shi za a taɓa bisa kuskure? Tsohuwa ta samu hanya, ka tsaya tsakiyar hanyar kana ihu. Wa yac ce da kai ake magana? Da tunkiya ake magana." Na ce to ni in yi yaya. Ta ce in gwada abin da ban taɓa iyawa ba, in rufe bakina.

Rana ta goma wayar ta yi ƙara, na ɗauka na cije leɓe. Uda ta sha labari ranar. An gaya mata gyaɗar bana yashi ya yi mata yawa, an gaya mata ɗakin ya fara yoyo ta kusurwar gabas, an kuma gaya mata akwai mutanen da tun suna ƙanana haka suke, ba a kira su ba su yi ta amsawa. Na haɗiye wannan ban ce uffan ba. Da aka gama aka kashe ba ban kwana. Na sauko daga surin ina murmushi ni kaɗai, na taka kashin shanu ban ko ji haushi ba.

Sau uku muka yi haka, sai bakina ya fara ƙaiƙayi. A na huɗun akwai wani bajimi a cikin shingen yana jiran allura. Inna ta sake ɗauko wa uda zancen ramar wasu. Na matsa na dafa tozon bajimin na ce, "Kai bajimi, tsaya in duba ka. Ni da ka gan ni nan lafiyata lau. Yau ma tuwon dawa na ci da miyar kuka, ramar aiki ce kawai."

Na tsaya ina jiran ƙit.

"Ke uda," in ji Inna, "miyar kuka dai ban taɓa ganin wanda ta sa ma ƙiba ba."

Ba ta kashe ba. A kan haka muka zauna.

Ka'idojin ba wanda ya faɗe su, da kuskure na koye su ɗaya bayan ɗaya. Ba a sallama. Ba a cewa gaya masa ko gaya mata, don tunkiya ba 'yar aike ba ce, abokiyar hira ce. Ba a amsawa nan take, sai a bar maganar ta ɗan huce, sannan a ɗauko ta wurin sa kamar tunani ne ya faɗo. Kuma dole abokin hirar ya zama mai rai. Ranar da shingen ya zama fanko na gwada yi wa babur ɗina bayani, sai Inna ta ce wa uda wasu sun fara zarewa, ta kashe. Daga ranar ko akuyar mai gadi ce sai na aro na ɗaure a gindin surin kafin la'asar.

Linzamin nan shi ya ɗaure abin duka. Da a hannu take riƙe waya ta kara a kunne, da kowa ya ga kira take yi, ita ma da ta gani. Amma 'yar wayar na soke a ƙugu cikin zani, linzamin na ƙarƙashin kallabi, hannayenta biyu na cikin tunkuza suna matsar mai. Ko alƙali aka kawo ba zai ce tana waya ba. Ni ma na nemi ɗan ƙaramin abin kunne na cusa a ƙarƙashin malafa, don hannuna su samu yin aiki, don kuma kada in zama ni kaɗai ne mai laifi.

Cikin shekara biyu tunkiyar nan ta ji abin da ban taɓa ji ba. Ta ji cewa lokacin da aka yaye wani yaro aka kai shi bayan rumbuna, uwarsa ta yi wata guda tana zagaya rumbunan nan safe da yamma, wai tana duba gara. Ta ji cewa ƙulin da ake aikawa sashen tsohuwa a ce ya ƙone ba a iya sayar da shi, bai taɓa ƙonewa ba, shi ake fara tsamewa. Ta ji cewa ranar jaki, tulun nan bai isa ɗaki ba, a bayan katanga ya faɗi ya fashe don ƙafafun mai ɗauke da shi sun ƙi tafiya. Ranar da ta ji wannan ina tsaye a kan suri, ƙato da ni, hawaye na zuba cikin gemuna. Na ce wa wata saniya maganin feshi ne ya shiga idona. Inna ta ce wa uda maganin feshi mugun abu ne, ita ma hayaƙin murhu ya dame ta yau.

Ba a daɗe ba mutane suka sa mana ido. Matan da ke zuwa sayen ƙuli suka riƙa tarar da Inna tana yi wa tunkiya zance, ta yi shiru kamar mai sauraro, ta yi dariya, ta mayar da amsa. Magana ta zaga unguwa cewa tunkiyar na amsa mata. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce tunkiyar ba ita kaɗai ba ce a cikin fatarta. Ƙawayenta suka haɗu suka karɓo rubutu da turaren hayaƙi wurin wani malami. Matar ƙanena, wadda ta san komai, ta roƙe ta ta ɗaga kallabi kawai ta nuna musu linzamin a huta.

Inna ta ce, "In nuna musu, in ce da wa nika magana?"

Kwana bakwai tana shan rubutu, tana zama cikin hayaƙi lulluɓe da bargo har ta yi tari. Ta gwammace a ce tana da iska da a ce tana hira da ɗan fari. Ta dai shaida wa uda cewa malamin yana da kirki, yana sa zuma a ciki.

Nawa ɓangaren bai fi nata daɗi ba. Wani makiyayi ya kawo sa marar lafiya, ya kwana uku a shingen, kwana ukun nan kuwa shi na riƙa ba labarin yarana da makarantarsu. San ya warke, allura ce ta warkar da shi, amma mai shi ya koma ruga ya ce malamin Kebbe magana yake yi wa dabba ta tashi. Kafin wata ya ƙare, la'asar na yi sai ka ga shanu sun yi layi a gindin suri, kowa na so nasa za a yi wa. Wani dattijo ya jawo ni gefe ya ce in ƙara wa saniyarsa wancan zancen na rufin ɗaki mai yoyo, tun da ta ji shi nononta ya ƙaru. Na ce masa ba ni nake zaɓar abin da za a faɗa ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, irin wannan abin daga sama yake zuwa. Shugabanmu ya kira ni ofis ya rufe ƙofa ya tambaye ni ko akwai abin da ke damuna a gida. Na ce babu, kuma wannan karon gaskiya na faɗa masa.

Tunkiyar kuwa ta zama sarauniya. Da babbar salla ta matso, ƙanena ya ce ta tsufa ta daina haihuwa, a yi layya da ita a huta da ɓarnarta. Ranar da na ji, ranar na ɗaure rago a bayan babur na kamo hanya tun daga Kebbe, yana kuka ina zaginsa, na dire shi a gaban ƙanena na ce ga layya nan, wanda ya taɓa uda ni da shi ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Duk ƙarshen wata sai na yi mata allura, na ba ta maganin tsutsa, na yanke mata kofato, na kawo mata dusa da harawa. Ladana kuwa, ina sunkuyawa sai ta ja da baya ta tunkuye ni a gwiwa. Ban taɓa ƙin dabba kamar ita ba, ban kuma taɓa yi wa wata hidimar da na yi mata ba.

A daminar shekara ta uku, wata la'asar na ɗauki waya ban ji ƙarar muciya ba.

"Ke uda," in ji Inna a hankali, "yau kwana ukku ba ki tuƙa ba. Cikinki ya kumbura awa ganga. Da akwai wani mai sanin bisashe kusa, da ya duba ki."

Ban bar maganar ta huce ba. Na ce wa saniyar da ke gabana gobe ba za ta gan ni ba, ina sallame asuba zan kama hanya.

Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ba sai an yi masa bayani ba. Sau biyu laka ta kayar da ni. A wani rafi da ya cika sai da mutane huɗu suka ɗaga babur ɗin a kafaɗa, ni kuma na bi su da jakar magani a ka. Da hantsi na shiga gida, laka har ƙugu. Ƙanena ya tafi makaranta, sai Inna da matarsa. Na wuce turke kai tsaye. Uda na kwance, na sunkuya a gabanta, ba ta tunkuye ni ba.

Na latsa cikinta na ji abin da nake tsoro, dunƙule mai tauri kamar an cusa tsumma. Leda ce. Shekara da shekaru tana tsintar ledojin ƙulla ƙuli da iska ke watsawa a tsakar gida, sun taru sun toshe ta. Da ƙarama ce da na yi ƙarfin hali na tsaga na fitar. Wannan ko haƙoran kirki ba ta da su, ba za ta tashi daga wuƙar tiyata ba. Na sani tun a taɓawar farko, amma na buɗe jaka. Na ɗura mata mai, na yi mata allura, na tayar da ita ta zube, na sake tayar da ita. Ina yi ina lallashinta, ina ce mata ta yi wa Allah ta tashi, wallahi in ta tashi ta tunkuye ni yadda ta ga dama. Inna na ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafi, ba abin da take ɗaukowa.

Tun kafin azahar wuyanta ya fara lanƙwashewa baya. Duk mai kiwo ya san abin da ke biye, in ba a sa wuƙa ba kafin rai ya fita, ta zama mushe, sai a ja ta a yar a bayan gari. Namiji kuwa a gidan ni kaɗai ne.

Na ce wa matar ƙanena, "Gaya ma Inna uda ba ta tashi. In anka jima kaɗan za ta ɓaci."

Inna na tsaye a bayanta. Ta dubi katanga ta ce, "A yi abin da ya kamata."

Na kwance igiyar, na juya tunkiyar gabas, na yi bisimilla. Hannun nan ya yanka dabbobin da ban san iyakarsu ba, ranar ya ƙara da ita. Maƙwabcinmu mahauci ya shigo ya ɗauke ta zuwa zaure don fiɗa. Ni kuwa na zauna a ƙasa a gindin turken, ban ko wanke hannu ba.

Can na ce wa matar ƙanena, da ƙarfi yadda za a ji, kafin mako ya zagayo zan kawo wata uda, irinta sak, gaba baƙi baya fari, ba wanda zai bambance su.

Daga madafi Inna ta ce wa tukunya, "Sabuwa ba ta san komi ba. Sai an faro mata tun daga farko, ni ko na tsufa."

Shi ke nan, na ce a raina. Shekara arba'in na jira, na samu uku, na kuma yanka su da hannuna. Haushi ya kama ni, na leda, na tunkiya mai kwaɗayi, na al'adar da ta sa sai da dabba a tsakani uwa za ta yi wa ɗanta magana. Bayan haushin sai baƙin ciki, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka binne Baba. Matar ƙanena ta ga fuskata ta shige ɗakinta ta saki labule. Rana ta take tsaka, jinin na bushewa a yatsuna, ban da niyyar motsawa.

Sai aljihuna ya yi ƙara. Na goge hannu a wando na ciro wayar. Lambar gida.

Na ɗago kai. Inna na tsaye a ƙofar madafi, taku goma daga inda nake, ta ba ni baya. Linzamin a kan kallabi ta ɗora shi, a fili, hannayenta biyu a sake ba komai a cikinsu. Na danna na kai kunne na yi shiru yadda na saba. Na waiga ina neman abin da zan yi wa magana, ko kaza babu a tsakar gidan, zafi ya kore su. Ita ma ba komai a gabanta sai ƙyaure. Mun daɗe a haka ina jin numfashinta.

"Kai," ta ce. Na ji ta sau biyu, ɗaya daga ƙofar madafi, ɗaya a kunnena ta ɗan makara. "Tashi daga cikin rana, kanka zai yi ciwo."

Ban motsa daga gindin turken ba.

"Da kai nika. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

"To tashi."

Ta kashe, ta shige madafi ba ta waiwayo ba. Na dafa turken na miƙe, na koma inuwa na zauna.